Na Zuba Gishirin Sa Ranata A Akwatin Kifi

Assalamu alaikum Anti Mashkura. Don Allah ki taimake ni da shawara, ko da layi biyu ne. Na san filin nan na matsalar aure ne da ta dangi, ni kuwa maganar kifi na kawo miki. Kada ki ture takardata gefe saboda haka. Na rasa wanda zan tambaya, kuma kwanakin da suka rage mini ba su da yawa.

Ni 'yar Limawa ce a nan Dutse. Ƙunshi nake yi wa mata, wani lokaci a gidanmu, wani lokaci in bi amare gidajensu. Mahaifina ya daɗe da rasuwa, daga ni sai Umma a gidan. Bara aka sa mini rana da wani bawan Allah ɗan Ringim, Habibullahi, direban motar kayan gwari, yana kai tumatir da tattasai Legas. Mutum ne mai surutu da tsokana. In ya dawo daga tafiya ya zo zance, rabin hirar duk labarin teku ne. Ni babban ruwan da na taɓa gani shi ne kogin Haɗeja da damina, shi kuwa cewa yake wannan ai alwalar teku ce. Na taɓa tambayarsa yadda ruwan yake a baki, ya ce kamar miyar sabuwar amarya da hannunta ya zarce, wai in shirya, ya san irinta zan riƙa yi masa.

Wata rana ya zo da wani akwatin gilashi naɗe a bargo. Na hannu ne, a wurin wani mutum da zai tashi daga gida ya saye shi a Legas, har da ɗan injin da ke hura iska a ruwa, da farin yashi, da wasu duwatsu masu huji-huji. Bai da girma, jarka biyu ta 'yan garuwa ke cika shi. Ya ce tunda ba zai iya kai ni teku yanzu ba, zai kawo mini teku ɗakina, a jera shi cikin kayan jere, kowa ya zo ganin ɗaki ya riƙe baki. Umma ta yi dariya ta ce Allah Ya shirya yaran zamani, aka tura akwatin ƙarƙashin gadona.

Anti, mutumin da ya yi shekara da shekaru a kan titin Legas ko kwalta ba ta taɓa gurje shi ba, zazzaɓi ne ya ɗauke shi a ɗakin mahaifiyarsa, ba a daɗe da sa ranar ba. Ina tsakiyar yi wa wata mata ƙunshi aka zo aka faɗa. Na ce innalillahi, na ƙarasa mata ɗaya hannun. Zanen ma ya fita da kyau, har yau tana yabawa.

Tun daga ranar ban yi kuka ba. Ba daurewa nake ba, wallahi babu shi ne. Kin san yadda ƙafa ke sagewa in an daɗe a zaune a kanta, ki taɓa ta ki ji kamar ta wani ce? To haka nake gaba ɗayana. Ina cin abinci, ina salla, ina yi wa amare ƙunshi suna ta shewa a kaina, ban ji haushinsu ba, ban ji daɗinsu ba. Matan unguwa sai yabon danganata suke, har misali ake yi da ni in wata ta cika kuka a gidan rasuwa. Ni dai in ce musu na gode. Su Umma da gwaggonnina suka je Ringim gaisuwa, ni aka ce in zauna, wai da kunya, tunda ba a ɗaura ba. Gaskiya ne kuma. Ni ba matarsa ba, babu takaba a kaina, babu tabarmar da aka shimfiɗa mini a zo a yi mini gaisuwa. Bayan kwana uku kowa ya koma harkarsa, ni ma na ɗauki robar lallena.

Sai maganar gishirin. Cikin kayan sa rana akwai goro da alawa da tabarmi da buhun gishiri, kamar yadda aka saba. Goro da alawa an rabar tun a makon. Gishirin ne Umma ta ce sai ta sami sarari ta ƙulla a leda ta aika wa danginmu na Kafin Hausa da Haɗeja, sai rasuwar ta riga ta. Ta mayar da buhun Ringim, mahaifiyarsa Hajiya Kubura ta sa aka dawo da shi, ta ce abin da ya shiga gida ya shiga. Ya zauna a lungun kicin. Ba mai taɓa shi. Ko gishirinmu ya ƙare, gara Umma ta aika a sayo ƙulli a shago.

Watanni suka wuce. Da bazarar nan, wata safiya ina shara, tsintsiya ta bugi akwatin a ƙarƙashin gado. Na jawo shi na warware bargon. Ban san dalili ba, kada ki tambaye ni. Na wanke shi, na ɗora a kan teburin da nake jera kayan ƙunshi, na zuba yashin da duwatsun. Na kalli wani bidiyo a waya, da Turanci, mutumin yana magana da sauri, abin da na fi kamawa shi ne ana zuba gishiri a ruwa a motsa. Na ce to, gishiri ai muna da shi har buhu guda, kuma nasa ne, shi ya kawo. Me zai sa in kashe kuɗi? Na sa wuƙa na farke bakin buhun. Ina zubawa a ruwan 'yan garuwa ina juyawa da muciya ina ɗanɗanawa, kamar dai miya, har ya wuce zartsi ya kai inda na ga amarya za ta sha zagi. Na ce ya yi.

Akwai amininsa Jaji, tare suke tuƙi, shi ya ci gaba da jan motar. Na ba shi abin da na tara na ƙunshin salla na ce ya sayo mini kifin teku. Ya daɗe yana kallona, sannan ya karɓa. Ya dawo da guda biyu cikin leda mai iska a cikin kula, 'yan ƙanana kamar babban yatsa, ruwan goro da ratsin fari. Ban taɓa ganin abu mai kyansu ba, na san da haka a kaina, ko da ban ji shi a ƙirjina ba. Na kwance ledar na juye su a akwatin.

Da farko sun yi ta zagaye. Zuwa la'asar suka koma saman ruwa suna buɗe baki da sauri-sauri. An ɗauke wuta, injin ya tsaya, ɗakin kamar tanda. Washegari ɗaya ya kwanta a kan yashi ta gefe. Ɗayan ya ƙara kwana, yana zuwa yana tsayawa kusa da ɗan'uwansa, shi ma ya bi shi. Ina zaune a gabansu duk abin nan. Na sa rariyar shayi na kwashe su, na tona rami a gindin bishiyar lallenmu na rufe, na wanke rariyar na rataye ta a ƙusarta. Na tsaya ina jiran in ji wani abu. Shiru.

Ruwan yana nan ban zubar ba. In an kawo wuta injin ya tashi yana ɓulɓul, sai in ja kujera in zauna ina kallon duwatsun. Ba tunanin komai nake ba. Amma Anti, shi kaɗai ne abin da nake tashi in je wurinsa ba tare da wani ya kira ni ba.

Ranar da Umma ta ga buhun a farke, ban ji ta yi faɗa ba. Zama ta yi daɓas a ƙasan kicin ta daɗe. Yanzu maƙwabta sun fara ƙus-ƙus, wai yarinya ta tasa ruwan gishiri a gaba babu ko kifi, anya ba iska ba ce? Waɗanda suka yabi danganata su ne dai. An kawo mini rubutu na sha, an yi mini tofi, ban ƙi ba. Jiya Umma ta yanke hukunci: ƙarshen watan nan Jaji zai ɗauki akwatin ya kai Ringim, ko a sayar, ko a bayar, ita dai ya bar mata gida. Shi kuma Jaji ya aiko cewa zai tafi Legas cikin makon nan, in ina so ya ƙara kawo wasu, ba sai na ba shi ko sisi ba.

To Anti, ni ce na kashe su? Gishirin ne, ko zafin, ko hannuna ne ba shi da albarka? Mai ƙaramin ƙarfi irina, a gari irin Dutse, za ta iya riƙe kifin teku kuwa, ko wahalar da bayin Allah kawai zan yi? In bar su su ɗauki akwatin? Na san ya kamata in ji tsoron ranar, amma ko tsoron ma daga nesa nake hango shi. Abin da na sani kawai, in aka ɗauke shi ban san inda zan riƙa ajiye kujerata ba.

Taki,
Mai Ƙunshi, Limawa, Dutse.

AMSA

Wa alaikis salam, 'yata. Allah Ya jiƙan Habibullahi, Ya sa ya huta, Ya ba ki ladan rashinsa. Na fara da wannan ne domin na lura ba a yi miki gaisuwa ba, alhali ke ma an yi miki mutuwa. To ga tawa, ki karɓa.

Ni kifi a miya na san shi, don haka sai da na tambayi masu harkar kafin in ɗauki alƙalami. Ba zan rufe ki ba: ruwan da kika haɗa ba zai raya kifin teku ba ko da wuta ba ta ƙifta ba. Ruwan teku ba gishirin miya kaɗai ne a cikinsa ba, akwai wasu ma'adinai da kifin ke rayuwa da su. Masu kiwo wani haɗaɗɗen gishiri suke saya a wurin masu sayar da kifin ado, wanda aka yi don wannan aikin. Kuma ba da harshe ake auna shi ba. Akwai ɗan ma'auni mai araha, haidiromita, ana so ya nuna wajen 1.025. Ga doguwar tafiya da suka sha, ga juye su da aka yi kai tsaye a baƙon ruwa, ga zafi, ga injin da ya tsaya. Ko ɗaya daga ciki ya isa. Saboda haka e, kuskurenki yana ciki, amma na rashin sani ne, wanda aka ce ya fi dare duhu. Maganar hannu marar albarka ki cire ta a bakinki, ba na son sake jin ta.

Abu na farko, ki aika wa Jaji yau ɗin nan cewa kada ya kawo kifi. In yana son taimakawa, ya sayo gishirin nan na musamman, da ma'aunin, da ɗan kayan gwajin ruwa, da injin iska mai batir ko wanda ake jonawa da abin cajin waya. A Dutse wannan injin ya fi kifin kansa muhimmanci, don ruwa mai ɗumi in ya tsaya cik, iskar cikinsa ba ta daɗewa.

Ki zubar da ruwan da ke ciki, ki ɗauraye yashi da duwatsun ba sabulu. Ruwan 'yan garuwa ba a san abin da ke cikinsa ba. Ki je wurin masu buga fiya wata ki tambaya ko injinsu mai tace ruwa ne tas, ki sayi jarka a wurinsu. Ki haɗa sabon ruwa da ma'auni, ki kunna inji, ki jefa ɗan ƙwayar abincin kifi, sannan ki bar shi haka nan, wata guda ko fiye, babu kifi ko ɗaya. A wannan zaman ne wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suke kama duwatsun, su ne za su riƙa cinye dafin da ke fita daga kashin kifi. Kayan gwajin ne zai gaya miki sun kama. Ki ɗiga jan farce a jikin gilashi daidai bakin ruwa. In ya ragu, tataccen ruwa zalla za ki ƙara, ba na gishiri ba, domin ruwan ne ke tashi, gishirin yana nan. Ki kawar da akwatin daga taga, ki sami ƙaramar fanka tana kaɗa saman ruwan, kuma kada kifi ya shiga sai damina ta sauka gari ya yi sanyi. Ko a lokacin, kada ki koma wa masu tsadar nan. An ce mini akwai wani kifi mai araha da juriya, moli, ana samunsa a Kano, na ruwan daɗi ne amma ana iya saba masa da na gishiri a hankali cikin kwanaki. Ki koyi hannu da shi tukuna.

Yanzu ɗaya gefen, don kada in yi miki daɗin baki. Kifin teku ba saye ɗaya ba ne. Gishirin zai ƙare a sake saye, kowane mako ko biyu sai an canza ɗan kaso na ruwan, ƙaramin akwati kuma ya fi babba saurin rikicewa. Bazara za ta dawo baɗi da zafinta. Kifi rai ne, akwai hakkinsa a kan mai tsare shi. In kin auna kin ga kuɗin ƙunshi ba zai ɗauka ba, ki zuba ruwan daɗi a akwatin nan ki sa kifin ado na ruwan daɗi, sun fi sauƙi nesa ba kusa ba. Ba ki ci amanar kowa ba in kin yi haka. Shi farin cikinki ya nufa da ya ɗauko gilashin nan tun daga Legas, ba jarrabawa ya bar miki ba.

Sauran gishirin buhun kuwa, na miya ne, a miya ladansa yake. Ku zauna ke da Umma ku ƙulla shi a leda kamar yadda ta yi niyya tun farko, ku rabar sadaka, Allah Ya kai ladan kabarinsa. Abin da aka kawo don a ci, ba a mayar da shi abin tsoro a lungun kicin.

Sai ke kanki. Abin da kika kira sagewa sananne ne, yana samun mutane da yawa bayan babban rashi, kuma ba ya nufin ba ki so shi ba, ba ya nufin iska. Shari'a ba ta ɗora miki takaba ba, gaskiya ne, amma ba ta ce zuciyarki ta yi kamar ba a yi komai ba, kuma ba ta hana hawaye ba. An hana ki wurin zama a cikin masu makoki, sai kika nemo wa kanki kujera a gaban gilashi. Ni ban ga hauka a nan ba. Sai dai in barci ya ƙaurace miki, ko abinci ya fita ranki, ko kika fara jin gara ki bi shi, to ki je asibiti ki gaya wa likita yadda kika gaya mini, ba tare da jinkiri ba. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna.

Kada ki ja da Umma a kan akwatin, don ba gilashi take tsoro ba. Matar nan ta rasa miji, ta rasa surukin da take dariya da shi, yanzu tana kallon 'yarta tilo tana yi mata nisa a cikin gida ɗaya, kuma ba ta san ta inda za ta kamo ki ba. Akwatin ne kaɗai abin da hannunta zai iya ɗagawa, shi ya sa ta ce a ɗauke shi. Ki nemi alfarma ta bar miki shi zuwa ƙarshen damina, da sharaɗin za a fito da shi falo, inda in kin zauna ita ma za ta iya zama. Ki roƙe ta kuma ta raka ki Ringim ki gaishe da Hajiya Kubura. Kunyar da ta hana ki zuwa a lokacin ta gama aikinta.

Amma kafin duk wannan, ki same ta ita kaɗai ki faɗa mata gaskiyar da kika faɗa mini, ni da ban taɓa ganin fuskarki ba: cewa ba dangana ba ce, ba kya jin komai ne, kuma kina son ta taimake ki. In bakinki ya kasa, ki miƙa mata shafin nan, ko ki karanta mata. Wataƙila ita ce za ta fara kukan. Ki bar ta ta yi, kada ki ba ta haƙuri, kada ki tashi ki bar wurin. Ki zauna a jikinta har ta gama.

Allah Ya sassauta miki, 'yata, Ya dawo miki da zuciyarki a hankali yadda za ki iya ɗauka, Ya bar ki da mahaifiyarki.

Taki,
Anti Mashkura.